Inna Ba Ta Kira Shi Ba

Har yau in na shiga gida na tarar yara sun kunna tele an nuno fim marar launi, irin na dā mai fari da baƙi, tashi nake in ba su wuri. Suna cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. Su faɗi abin da suka ga dama. Ni na san abin da irin wannan fim ya yi mana a gidanmu na Gazawa, kuma ban yafe masa ba, ko da yake na san kaset ba ya jin yafiya, ba ya jin tsinuwa.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ke bi masa, sai ƙannenmu mata. Ya yi lakol har ya yi nisa, sai Baba ya rasu, ya ajiye boko ya dawo ya riƙe gida. Da damina yana gona. Da rani yana bisa moto, wato babur, yana ɗauko jarkokin esansi, man fetur ke nan, daga bakin iyaka ya kawo wa masu saidawa a kwalba. Amma abin da garin ya san shi da shi ba noma ba ne, ba moto ba ne. Wani abokinsa yana da rumfar kallo a bayan kasuwa, rumfar zana da labulen buhu, da tele guda da injin wuta da muke ce wa gurup. Ranar kasuwa da yamma Yaya ne tafinta. Yana tsaye gefen tele, Turawa suna magana da Faransanci, shi yana juya wa mutane da Hausa.

A cikin kaset-kaset ɗin rumfar akwai wani tsoho da ba wanda ya san daga inda ya fito. Babu faɗa a ciki, babu rawa, hoton ma rawa yake kamar mai jin sanyi. Labarin wani mutum ne da jirgin ruwa ya nutse da su, aka tsamo shi da rai amma ya manta kome, har sunansa. Sai mata biyu suka zo, kowace ta ce nata ne. Ɗaya mai gida babba da barori, ɗaya matalauciya mai ɗinki. Shi kuwa yana tsakiya, ido zuru-zuru, bai san wadda zai bi ba. Da farko samari sun ce a cire, wannan ai kallon tsofaffi ne. Bakin Yaya ne ya saida shi. Sai ya sa Baturiya ta yi magana kamar ƴar ƙauyenmu: “Haba mai gida, ni za ka yi wa kallon baƙuwa? Ni da na sha daka saboda kai?” Rumfa ta ɗauki dariya. Can kuma ya sassauta murya, ka ji tsit, har dattawa masu saida dabbobi suna share ido da bakin rawani suna cewa hayaƙin gurup ne.

Ƙarshen kaset ɗin inji ya cinye shi tun kafin ya zo hannunsu. Daidai inda za a gane matar gaskiya sai hoton ya watse, ya koma yayyafi. To nan Yaya ke cin kasuwarsa. Yau ya ce mai ɗinki ce, wani mako ya ce mai gida babba ce, wata rana ya ce duk ƙarya suke, matarsa tana wani gari tana jira. A yi ta musu har bakin tasha.

Wata ƙaramar salla ya ce ba zai yiwu maza su yi ta kallo mata suna jin labari ba. Ya ɗoro tele da gurup a amalanke ya kawo tsakar gidanmu bayan azahar, aka kafa a inuwar ɗaki, matan unguwa suka cika gida. Inna ba ta zauna cikinsu ba. Ta zauna bakin madafa da faifan wake a cinya, tana tsinta, kamar abin bai dame ta ba, amma ni ina ganin hannunta ya tsaya. Da aka zo inda mai ɗinki ta kama fuskar mutumin da hannu biyu tana kuka tana kiran sunansa, tana sake kira, sai Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Tir. Wannan ko kunya babu, suna gatsau a bainar jama'a.” Mata suka fashe da dariya. Yaya ma ya yi dariya har ya rasa inda ya tsaya a fassara.

Ya yi dariya ne don ya san wadda ta yi maganar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Haka ake yi wa ɗan fari a wurinmu, amma Inna ta fi kowa riƙe abin. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, “mai suna” take ce masa. In tana son magana da Yaya, ni take kira ko da yana zaune gabanta: “Ce wa wancan ruwa ya ƙare a randa.” In ya shigo ɗaki ta sami abin da zai fitar da ita. In ta dama fura, ta zuba masa nono fiye da na kowa, ta miƙo mini ƙwarya ta ce, “Kai wa yayanku, kar ki ce ni na dama.” To wa zai dama? Shi kuwa tsokanarta yake. Ya sayo mata atamfa, ranar da ta ɗaura ya ce, “Kai, Inna, wa ya sayo miki wannan?” Ta kau da kai ta ce, “Wani ne.” Ya ce, “Wanin nan yana da ido.” Ta jefe shi da mafici. Yana karanta ta sarai, ba ya bukatar a fassara masa ita.

Wannan sanin ne hatsari ya ɗauke. Farkon wata damina yana dawowa daga iyaka da kaya, saniya ta faɗo masa hanya, ya kauce, kansa ya bugi kututture. Masu amalanke suka tsince shi, aka wuce da shi gidan likita a Maraɗi. Fuskarsa ta kumbura har ba a gane shi, kuma babu takarda a jikinsa. Moton aka gane. Jandarma ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce ana son uwar yaron ta je ta duba ko shi ne. Inna tana bayan ƙyaure, ina riƙe da ita. Da ta buɗe baki sai ta ce, “A aika Cadawa a gaya wa goggonsa.”

Goggo ƙanwar Baba ce. Ita ta ɗauki Yaya yaye, ya yi shekarun yarintarsa na farko a ɗakinta, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mace ce mai murya, in ta yi dariya ana ji daga ƙofar gida. Muka tafi Maraɗi mu uku. Goggo ta faɗa ɗakin majinyata tana kururuwa, “Wayyo ɗana! Wayyo ni ɗana!” tana kiran sunansa har masu jinya suka ce ta rage murya. Inna ta tsaya waje, ta shimfiɗa ɗankwali ƙarƙashin bishiyar bedi ta zauna. Nan ta yi zamanta duk tsawon jinyar. Ita ke wanke tufafinsa masu jini, ita ke dama kunun da ake ba shi, azumi take yi ba ta gaya wa kowa ba. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ta bi fuskarsa da ido, amma ba za ta tambaya ba.

Da ya farfaɗo, bai san kowa ba. Abin mamaki, ya iya alwala, ya iya salla, Faransancinsa na nan, har gardama ya yi da mai ba shi magani. Mutane ne kawai suka goge. Lokotoro, babban mai duba shi, wani mutum mai haƙuri, ya tara mu ya ce babu allurar da ke maido da wannan, sai dai a yi ta yi masa magana, a kira shi da sunansa, a tuna masa abubuwa. Ya ce, “Ina mahaifiyarsa? Muryarta ta fi ta kowa.” Na fita da gudu na ce, “Inna, ke ake kira.” Ta taso, ta zo har bakin ƙofa, ta leƙa. Yaya ya dube ta kamar yadda ake duban mai tallar goro. Ta ce, “Sannu,” ta koma gindin bishiyarta.

Muka dawo da shi Gazawa. Goggo ta tare a gidanmu da sunan jinya. Ita ke zama kusa da shi, ita ke ba shi labarin yadda ya yi ƙiriniya a Cadawa, yadda ya faɗa kwatami, yadda ya ƙi cin tuwo sai da man shanu. Kowace magana “ɗana” a farko, “ɗana” a ƙarshe. Ba ƙarya take ba, ɗan wanta ai ɗanta ne, duk garin ba mai musa mata. Ita ce ke da izinin faɗar kalmar da ƙarfi, wadda ta yi naƙudarsa kuwa ba ta da shi. Ni ina ce masa, “Yaya, waccan ita ce Inna, ita ta haife mu.” Ya ce to. Sai ya bi ta da kallo, ya ga mace da ba ta duban idonsa, ba ta zama inda yake, in ya shigo ta fita. Wata rana ya tambaye ni a hankali, “Na taɓa yi mata wani laifi ne?”

Sai abokinsa mai rumfar kallo ya zo da dabararsa. Da kyakkyawar niyya ya zo, ban ce ba, amma wallahi da ya yi zamansa. Ya ce ai ba abin da Yaya ya haddace kamar wannan tsohon fim, in ya gani kome zai dawo. Aka sake ɗoro tele da gurup a amalanke, aka kafa a zaure da rana tsaka, abokai suka taru. Ni ina tsaye daga ƙofar ciki. Aka kunna. Kowa ya bar kallon tele yana kallon bakin Yaya, ana jira ya miƙe ya fara juyawa. Bai miƙe ba. Ya zauna ya ƙura ido, yana jin kowace kalma da kunnensa, ba dariya, ba motsi. Yau ba wanda ya sa Baturiya ta yi maganar daka. Fim ɗin ya shige shi yadda yake, ɗanye.

Da hoton ya watse ya ce, “Ina sauran?” Aka ce babu. Ya ce, “To wacce ce ta gaskiya?” Abokin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, “Ai kai ke gaya mana.” Yaya ya ce, “Wadda ta kira shi ce. Ɗayar ko taɓa shi ba ta yi ba.” Har an fara naɗe waya ya ƙara da cewa, kamar da kansa yake, “Ashe ana iya ɗaukar mutum a kai shi gidan da ba nasa ba, a ce masa nan ne.”

Mutumin da ba shi da kome a kansa, an ɗauko labarin Turawa an zuba masa. Daga ranar da wannan ma'auni yake auna mu. Naka shi ne mai kama fuskarka ya yi kuka ya kira sunanka. Wanda bai yi haka ba, a bincike shi.

Bai daɗe ba ya yi abin da ɗan fari mai hankalinsa ba zai taɓa yi ba. Ranar matan unguwa sun zo dubiya, tsakar gida cike, Inna tana surfe a gefe. Ya taso daga tabarma ya je ya tsaya gabanta, kusa, har ta ja baya. Ya ce, “Baiwar Allah, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ke kika haife ni?” Ta tsayar da taɓaryar. A zuciyata ina cewa, Inna, kalma ɗaya ce, ki ce i, ko kai ki ɗaga. Ta dubi matan nan, duk sun zuba mata ido. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, “Ga uwarka can,” ta nuna Goggo da haɓa.

Kuma ku ji abin da matan suka yi. Yaba mata suka yi! “Kai, wannan baiwar Allah da kawaici take.” “Irin matan dā ke nan, yanzu ina za ka same su?” Ɗaya har da guɗa ƙasa-ƙasa. Suna yabo, ni ina kallon Yaya yana gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da ya daɗe yana zato. Goggo kuwa ta buɗe hannu ta ce, “Zo nan, ɗana, rabu da su.” Da ta so, a wannan lokacin za ta ce, kai, wasa take, ita ce ta haife ka, ni yaye na yi. Ba ta ce ba. Na daɗe ina juya wannan shirun nata, har yau bai yi mini daɗi ba.

Na same shi a zaure na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce al'ada ce, kunyar ɗan fari ce, je ka gidan wane da gidan wane ka gani. Ya je, ya gani, ai ba wawa ba ne. Ya dawo ya ce, “Na gane. Amma ita al'adar a gaban mutane take. Me zai hana ta faɗa mini mu biyu?” Na ce wannan mai sauƙi ne. Na jira ranar da Goggo ta tafi kasuwa, na aiki ƙannena, na shigar da shi ɗakin Inna, na ja ƙyaure na tsaya a waje ina kasa kunne. Shiru. Shiru. Ina jin kaji suna tono, ina jin numfashina. Can na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa: “Ka ci abinci?” Ya ce ya ci. Ya ƙara jira. Sai ya buɗe ƙyaure ya fito, ya wuce ni ya nufi zaure.

Ranar na yi wa Inna maganar da ban taɓa yi mata ba. Na ce kunyar me? Kunyar wa? Ɗanki zai tafi kina ji kina gani saboda matan unguwa su ce kina da kawaici? Su za su riƙe miki gida? Ba ta tsawata mini ba, da ma ta tsawata. Ta ce lokacin da ta haife shi yarinya ce a gidan miji, wata rana yana kuka ta manta ta ɗauke shi tana yi masa wasa tana kiran sunansa, dangin miji suka ji. Suka yi mata waƙa da abin, ana daka ana rerawa, har bakin rijiya. Wadda ta fi kowa zaƙewa a waƙar ita ce Goggo. Ta ce, “Tun ranar na haɗiye sunan nan. Ɗazu na neme shi, wallahi na neme shi. Ya zo nan,” ta taɓa maƙogwaronta, “ya ƙi wucewa.”

Da kaka ta yi, Goggo ta ɗaure kayanta, Yaya ya ɗaure nasa. Ya ce zai raka ta ne ya ga gari. Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama da ladabi, ya gode mata da ɗawainiya. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta na kan faifai. Bai dawo ba. Ya buɗe wurin gyaran moto a kasuwar Cadawa, hannunsa bai manta aikin ba, ya yi suna, ya yi ciniki.

Ban bar shi ba. Duk sanda na sami mota sai na je. Inna ta ɗaura mini ƙulli, gyaɗa soyayya, daddawa, kuka, yajin da ta san yana so, ta ce, “Kar ki ce ni ce.” Ni kuwa ina sauka nake cewa, “Ga shi in ji Inna, uwarka, wadda ta haife ka.” Ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Allah sarki, matar nan ta cika kirki. Ki gaishe ta da kyau.” In na matsa sai ya ce, “Na ji, ai ban musa ba.” Bai musa ba kam. Ya yarda da maganar kamar yadda mutum ke yarda an haife shi ranar Talata, don an gaya masa. Da ya tashi aure, Goggo ce uwar ango, ita ta yi kiɗa ta yi rawa. Inna ta yi abin da uwar ɗan fari ke yi, ta ɓuya a gidan maƙwabta har aka watse. Aka sake yaba mata. Shi kuma ya sake ganin ba ta zo ba.

Haka shekaru suka tafi. Ya haifi ƴaƴa, suna ce wa Goggo kaka, Inna kuwa “tsohuwar Gazawa.” In an kawo su ta goya su, ta yi musu wasa, ta kira sunayensu har da kirari, don jika ba a kunyarsa. Wani lokaci ina ganin ta riƙe fuskar babban, mai kama da uban, ta daɗe tana kallo. Har ta kwanta ciwon ajali ba ta ce a kira mata shi ba. Tambaya ɗaya take yi mini kullum, wai hanyar Cadawa ta gyaru ne, motoci na zuwa? Na aika masa. Ya aiko da magani da lemo, ya ce aiki ya yi yawa, yana nan tafe ranar da ba kasuwa.

Ta rasu da hantsi, aka kai ta kafin la'asar, saƙo bai same shi da wuri ba. Washegari ya zo. Ina zaune cikin mata a tsakar gida aka ce ga shi nan. Na ji daga baya cewa a ƙofar gida dattawa sun matsa masa wuri a tabarmar masu karɓar gaisuwa, inda babban ɗa ke zama, ya ce a'a, ya zauna cikin baƙi. Ya yi sallama ya shigo, da farar riga, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya cire takalmi, ya durƙusa gabana da ƙannena, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau, har mata suna share hawaye. Da ya shafa ya dube ni da tausayi na gaskiya, ba na baki ba, ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifiyarku.”

Na ce amin. Ya ɗan zauna, aka kawo masa ruwa ya sha, ya ce zai koma kafin rana ta yi zafi, ya bar yaran gyara a wurin aiki.